Wankin Rigar Andy Zelenka

Noreen Pavlik ba ta taɓa sayen abu ba sai ta tambayi mai kanti ko za a iya mayarwa. Takalmi ne, tukunya ce, labule ne, duk ɗaya. Kowa a Ketner ya san ta da wannan hali, har matan coci kan ce da za a ba ta miji da sharaɗin in bai yi ba ta mayar, da tuni ta shiga daga ciki. A gabanta suke faɗa, ba a bayan idonta ba, ita kuwa sai ta yi dariyar yaƙe ta ci gaba da naɗe nama a ganyen kabeji. Auren dai ba ta yi ba. Akwai wani direban motar madara da ya daɗe yana zarya a ƙofar gidansu, kullum tana cewa a dakata tukuna, har ya gaji ya auri wata a gari na gaba.

Uwarta a kamfanin ɗinki na bakin layin dogo ta ƙare rayuwarta, inda matan garin nan suka koma bayan an rufe ramukan kwal, maza suka zauna a gida suna tari. A gindin keken ɗinkin uwar tata Noreen ta koyi riƙe allura. Daga baya ta tafi birni ta yi karatun gyaran tsofaffin tufafi, ta dawo aka ɗauke ta a gidan tarihinmu, wanda yake cikin tsohon ginin banki. Ɗakin aikinta a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga. A nan ta yi furfura.

Abu biyu aka dasa mata a makaranta, ta riƙe su kamar addini. Na farko, kada ka yi wa tsohon abu abin da na bayanka ba zai iya warwarewa ba. In ɗinki ne a yi wanda za a iya farkewa, in manne ne a sa wanda zai saki. Rabin rayuwarta ta yi shi ne tana ɓamɓare aikin masu kyakkyawar niyya, waɗanda suka liƙa salatif a tutar siliki ko suka labta wa rigar amarya gam, kuma in ta tashi zaginsu ba ta ragawa, ko da sun daɗe a kabari. Na biyu, kafin ka taɓa abu da ruwa ko magani, ka fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, inda ko an samu matsala ido ba zai kai ba. Shi ya sa duk cikin aikinta babu abin da take tsoro kamar wanki. Ɗinki ana farke shi. Dattin da ya bi ruwa kuwa babu mai dawo da shi jikin yadi.

Rigar Andy Zelenka ta iso hannunta cikin jakar takarda irin ta kantin kayan miya. Rigar aiki ce ta auduga. A da shuɗiya ce, amma ƙurar kwal da gumi sun daskare a jikinta har ta yi tauri kamar busasshiyar fata. Duk ta sha faci, a gwiwar hannu, a kafaɗa, a wuya.

Babu wanda ya tashi a Ketner da bai san labarinta ba. Ranar da wuta ta tashi a rami, Andy ya tuɓe rigar saboda zafi ya rataye a ƙusa, ya ƙara gaba cikin rami. Da hayaƙi ya turnuƙe, abokinsa Leo ya fizge ta ya toshe hanci ya arce, da ita ya fito. Andy da waɗanda ke tare da shi ba su fito ba. Kamfani ya ce ba yadda za a kashe wutar sai an toshe bakin ramin da siminti, aka toshe da su a ciki, suna nan har gobe. Leo ya kai rigar gidan matar Andy, Agata, ya ajiye a bakin ƙofa ya juya. A lokacin tana da goyo. Ta ɗora jakar a kan kwabar kaya, a nan ta zauna har yaron goyon, Ray, ya yi sanƙo. Shi ne da zai kai ta gidan kula da tsofaffi ya kwashe kayan gida, ya kawo wa gidan tarihi rigar da wata tsohuwar fitilar uban da ta rage a gida.

Shugaban gidan tarihin, Mista Whitcomb, baƙo ne a garin, kuma yana ganin rigar ya ruɗe. Yana shirin buɗe sabon zaure na tunawa da mutanen rami, ya ce ita za a sa a tsakiya, yadda take, ba a taɓa ko ƙwayar ƙura ɗaya ba.

“Ai ƙurar ce labarin, Noreen,” in ji shi. “In kika wanke ta me ya rage? Rigar da ko a kasuwar gwanjo ba mai ɗagawa.”

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Sai dai da ta sa rigar ƙarƙashin madubin aiki ta ga wata gaskiyar. Kwal ɗin yankinmu yana da farar wuta a ciki. In ta haɗu da laima sai ta zama tsami mai cin auduga, a hankali, ba hutawa. Wato in an bar ƙurar za ta cinye rigar, in an wanke kuma an zubar da abin da ya sa ake kallonta.

A ƙa'idar aikin, kafin a yanke irin wannan shawara akan ji ta bakin masu abu. Noreen ta sayi biredin ƙwai ta tafi gidan tsofaffi. Ta tarar da Teta Agata a kujerar guragu a bakin taga. Teta kowa ke ce mata, wato goggo, har da Fada na coci.

“Wa nake gani kamar ’yar gidan Pavlik? Ke har yanzu kina can ƙarƙashin banki kina gadin tsummokara?”

“Ina can, Teta.”

“Dubi kanki fari fat, ba miji ba ɗa. Zauna, kin tare min haske.”

Noreen ta zauna ta yi mata bayanin zauren da akwatin gilashin da za a sa rigar. Tsohuwar ta saurara, bakinta na motsi.

“A haka za ku rataye ta? Da dattinta?”

“Shi ne na zo mu yi shawara.”

“Shawarar me? Ke, a layinmu mace ba ta barin mijinta ya fita da riga haka. Yana dawowa ruwa na kan wuta. In cuɗa masa baya a baho a tsakiyar kicin, kafin ya gama cin abinci rigarsa na kan igiya. Tambayi kowa. Au, duk sun mutu. To ni na gaya miki. Yanzu ku sa ’yan makaranta su zo suna toshe hanci suna cewa matar Zelenka ƙazama ce?”

“Haba Teta, wa zai ce haka? To ke me ya hana ki wanke ta duk shekarun nan?”

Tsohuwar ta juya ta kalli waje.

“Da farko warin jikinsa na nan. In yaro ya yi barci sai in buɗe jakar. Da warin ya tafi kuma sai hannuna ya ƙi. Sau nawa na ɗora ruwa, ya tafasa, ya huce a tukunya.” Ta ɗago hannayenta, yatsun duk sun lanƙwashe. “Yanzu ga su, ko cokali sai an riƙe min. Ke kika yi karatun wanki har birni. Wanke min ita ki kawo in gani. Matan da aka fito musu da nasu, kowacce ta wanke mijinta da hannunta kafin a sa shi a akwati. Ni ban samu na wanke nawa ba, ’yar nan. Ita kaɗai ta fito.”

Tausayi ya kama Noreen. Amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, “Zan duba, Teta.”

“Zan duba! Haka uwarki ta ce kika yi ta yi wa mai madara.”

Ta duba ɗin kuwa. Washegari ta shimfiɗa rigar, ta nemi ɓoyayyen wuri kamar yadda aka koya mata, ta zaɓi can ƙasan riga ta baya, cikin kalmasa. Ta jiƙa auduga a kan tsinke da tataccen ruwa ta dangwala. Audugar ta taso baƙi ƙirin, shuɗin bai zuba ba, zaren yana nan da ƙarfinsa. Ta ƙara jiƙawa, ta ja a hankali, ko gezau. Da ta ga dama, a makon nan za ta wanke rigar ta kai wa tsohuwa.

Sai ta kai maganar gaban kwamitin gidan tarihin. Kwamitin nan ba ya zama sai an ga canjin yanayi, in ya zauna kuma shayi da biskit ke cin rabin lokaci. Whitcomb ya tsaya a kan bakansa. Wani tsohon malamin tarihi ya ce watakila nan gaba masu bincike su so sanin irin ƙurar da mutanen suka shaƙa. Aka juyo wurin Noreen, ita da ya kamata ta buga tebur ta ce akwai tsohuwa na jira, sai ta ce ya fi kyau a aika ’yan zare birni a auna tukuna. Kowa ya ji daɗi, ita ta fi kowa. Ta tuntuɓi abokan sana'arta na wasu garuruwa, rabi suka ce wanke, rabi suka ce kul. Ta mayar da rigar cikin aljihun ajiya ta tura, zuciyarta na gaya mata ai ba ta yi komai ba, wanda bai yi komai ba kuwa bai ɓata komai ba.

Bazarar shekarar ta zo da ruwa. Injin da ke tsotse laima a ɗakin ƙasa ya lalace, aka daɗe ba a gyara ba, bango har gumi yake. Rufin sabon zauren ya fara yoyo, aka ɗage buɗewa. Masu awo na birni shiru.

Noreen ba ta daina zuwa gidan tsofaffi ba, wannan kam a ba ta. Tana shiga Teta za ta dubi hannunta kafin fuskarta.

“Ina rigata?”

“Ana kan aunawa, Teta.”

“Auna me? Gwal ce? Ba ni sabulu da baho ki ga awo.”

Wani zuwan ta ce, “Ke ’yar nan, kina jira in mutu ne ki huta?” Noreen ta ce Allah ya kiyaye, tsohuwar ta ce ai Allah ba izinin Noreen yake jira ba. Daga baya ta daina tambaya. Sai ta karɓi biredin, ta gode, ta yi hirar ruwan sama kamar da baƙuwa. Wannan ya fi zagin ciwo, kuma Noreen ta fi son zagin.

Da kaka, ganyen itatuwa na zuba, Teta ta rasu. Dutsen kabarinsu tun tuni aka sassaƙa shi da suna biyu. Aka haƙa gefen hagu aka sa ta. Gefen dama, inda sunan Andy yake, ciyawa ce kawai, ba a taɓa sa shebur a wurin ba. A wajen cin abincin makoki a ɗakin taron coci, Ray ya zo da farantinsa ya tsaya kusa da Noreen.

“Har ranar ƙarshe maganar rigar nan take,” in ji shi. “Na ce Mama, ki bar wa masana, sun fi mu sani. Ko ba haka ba?”

Ba da wata manufa ya faɗa ba. Noreen ta ce haka ne, ta ajiye cokalinta.

Sakamakon birni ya iso dusar ƙanƙara ta rufe gari. Abin da ta riga ta sani suka maimaita mata: tsamin ya yi yawa, in ba a wanke ba rigar ba za ta daɗe ba. Kwamiti ya zauna ya amince. Whitcomb ya ɗaga kafaɗa.

“To, a wanke. Amma ki tace mana ruwan, ki ajiye ƙurar. Kada ko kaɗan ta bi kwata.”

Da safe ta yi aikin, ita kaɗai. Ba ta sake gwaji ba, tunda ta riga ta gwada kuma ya yi kyau. Ta shimfiɗa rigar a kan raga mai laushi irin ta gidan sauro, ta ɗora wata a sama, ta cika babban faranti mai zurfi da tataccen ruwa, ta sauke ragar a hankali yadda ake sa jariri a wanka. Baƙi ya fara tasowa daga kafaɗu. Ta ji wani sanyi a ranta, har ta ce a fili, “Ga shi nan, Teta.”

Sai ta lura ba ƙura ce kaɗai ke tasowa ba. Akwai wani shuɗi-shuɗi a cikin baƙin, mai kauri. Ta sunkuya. Bayan rigar, inda ya fi shan gumi, yana saki. Ba yagewa yake ba, narkewa yake kamar takardar da ta kwana a ruwa. Ashe tsamin ya daɗe da cinye zaren, laimar bazarar nan ta ƙarasa shi, dattin da ya daskare ne kawai ke riƙe da siffar riga.

A tsaye a wurin ta gane kuskurenta, tas, ba sai an gaya mata ba. Ƙasan riga ta gwada. Ƙasan riga kuwa a cikin wando mai aikin rami ke cusa shi, ƙarƙashin bel, inda ƙura ba ta kaiwa. Ta nemi wurin da ido ba ya gani, ta samu wurin da ɓarna ma ba ta gani ba.

Ta kama gefen ragar ta ɗaga. Barinta a ruwa ɓarna ce, ɗagawa ma ɓarna ce, ta zaɓi ɗaya. Ƙirjin rigar da bayanta da hannuwanta suka zube ta ramukan ragar suka koma cikin faranti.

Abin da ya taso a kan ragar shi ne aikin Teta. Tun kafin a rufe ramuka kamfanin ɗinki ya fara aiki da sabon yadi na roba, tana tsinto ƙyallayen da aka zubar tana yi wa mijinta faci, da zaren kamfani, kuma tsamin bai iya cin su ba. Ga facin gwiwar hannu biyu, ga na kafaɗa inda yake saɓa katako, ga wuyan da ta juya ta yi wa shafi, ga maɓallai a jere a kan tsirin da ta ƙarfafa, ga ƙasan rigar nan mai yaudara. Duk sun fita fes. Ɗinkin ƙanana ne, a jere, ba ɗaya da ya fi ɗaya. Noreen ’yar tela ce, ta san hannun da ya yi wannan ba na ƙazama ba ne.

Whitcomb ya sauko wajen tsakar rana da kofin gahawa a hannu.

“Yaya, an gama? Ina rigar?”

Ta nuna masa baƙin ruwan. Ya dubi ruwan, ya dube ta, ya ajiye kofin a inda ta hana kowa ajiye kofi.

Babu wanda ya yi mata faɗa. Kwamiti ya bi abin da ta yi daki-daki ya ce ta yi gwaji a ɓoyayyen wuri, ta nemi shawara, ta jira awo, ta sami izini, ba ta tsallake ƙa'ida ko ɗaya ba. Tsohon malamin tarihi har dafa kafaɗarta ya yi. Da korarta suka yi da ta fi samun barci.

Ta tace ruwan kamar yadda aka ce. Abin da ya tsaya a matata ya bushe ya zama gari baƙi mai ratsin shuɗi, kwal da gumi da auduga a haɗe, bai cika kwalbar zuma ba. Ta rufe, ta sa masa lamba kamar kowane kayan gidan. Da aka buɗe zauren, facin ta shimfiɗa a cikin akwatin gilashi, kowanne a mazauninsa, tsakaninsu fili. Mutane kan tsaya su daɗe. Yara kan tambayi malamarsu ina sauran.

Da ƙanƙara ta narke, wata Lahadi bayan an tashi daga coci, Noreen ta bi ta gidan tarihi ta sa kwalbar a jakarta. A duk shekarunta ba ta taɓa fita da ko allurar gidan ba. Ta hau tudun maƙabarta tana haki. Ƙasar gefen hagu ta fara lotsawa. Ta durƙusa a gefen dama, a kan ciyawar da ba kowa a ƙarƙashinta, ta tona ɗan rami da cokalin da ta taho da shi. Ta fito da kwalbar ta ɗora hannu a murfin.

Ta san abin da ya kamata. Garin da ke cikin kwalbar nan shi ne iyakar abin da ya fito na Andy Zelenka daga ramin nan, kuma ga matarsa a kwance, taku ɗaya. Amma in ta zuba, ruwan sama ɗaya ya isa, babu mai sake tattara shi. Watakila na bayanta ya zo da kayan aikin da ba ta da su. Watakila Ray ya so a tambaye shi. Watakila kwamiti. Ta san duk hanzari ne, ta san muryar da ke kawo su, ita ce dai wadda ta sallami mai madara. Murfin bai da tauri, yaro ma zai buɗe. Ta daɗe a durƙushe har sanyin ƙasa ya ratsa gwiwoyinta, tana kuka irin na wanda ya ji haushin kansa.

“Zan dawo, Teta,” in ji ta.

Ta mayar da ƙasar cikin ramin ta daddanna da tafin hannu, ta gyara ciyawar yadda ba mai gane an taɓa wurin. A wannan kam gwana ce.

Kwalbar tana nan a ɗakin ƙasa, a kan kantar ajiya, kusa da fitilar Andy. Saura kaɗan Noreen ta yi ritaya. Duk ranar Litinin, ranar da matan layin su Teta ke wanki, takan sauko da kwalbar ta goge ƙurar da ta hau murfin, ta mayar da ita inda take.